Ranar da Na Kashe Baba Ishaya a Waya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwar Batsari sayen rogo, sai an samu wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Malama, yau kuma wa ya rasu?" Sai in yi dariyar yaƙe in wuce, alhali raina kamar in kama ta da kokawa.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina: ni mace ce mai baki. A lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, inda mu Kirista ba mu wuce gida goma ba, da 'yar majami'armu ta ƙasa mai rufin kwano. A zumuntar mata ni ke ba da waƙa, kuma in aka yi kuskuren ba ni addu'ar rufe taro, to abinci sai ya huce. (Maigidana ya taɓa cewa ko a barci ba na yin shiru. Ban yarda ba, amma ban da shaida.)

To, akwai wani dattijo a cikinmu, Baba Ishaya, wanda ya tsufa yana wa'azi a ƙauyuka. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya fara wani abu da muke kira zaman shiru. Kowace Laraba bayan la'asar mutum bakwai ko takwas za su taru a majami'a, har da wani da ke zuwa a keke daga wajen Yasore. Baba zai karanta aya guda, gajera, sannan kowa ya rufe ido ya zauna gaban Ubangiji. Babu waƙa, babu roƙo da baki. Dokar zaman kuwa ɗaya ce, kuma Baba ba ya wasa da ita: ba a magana, ba a buɗe ido, ba a taɓa kowa, sai shi ya ce "Amin." Ba ya ɗaura agogo, amma da wuya ya wuce rabin awa.

Kada ku ɗauka tsabar ibada ce ta kai ni wurin. Aike ne. Baba na da hawan jini, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a gona, sai 'yarsa Hannatu, ƙawata tun ta makaranta wadda ke aikin jinya a Katsina, ta zo da mota za ta tafi da shi. Ya ce babu inda za shi, ya bar mutanen Laraba wa wa? Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta haƙura, amma ta faɗa a gabana da gabansa:

"Baba, duk ranar da aka kira ni aka ce wani abu ya same ka, a ranar zan ɗauke ka. Ba shawara." Ta juyo wurina. "Ke kuma ki sa mini ido a kansa. Ko tari ya yi ki kira ni."

Haka na zama 'yar leƙen asiri a wurin addu'a. Makonnin farko azaba na sha, don da na rufe ido sai miyar da zan kaɗa da yaran da ba su iya jadawalin lissafi na bakwai ba su yi mini dandazo a kai. Amma a hankali abin ya shige ni. Akwai Mama Saratu da ke zama kusa da ni, wadda ta binne ɗanta a shekarar, ta ce mini nan ne kaɗai take zama ba wanda zai ce mata ta yi haƙuri. Ni ma na fara jiran Laraba. Kuma kowa ya sani, in aka ɗauke Baba, zaman nan ba lallai ya ɗore ba.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar a cikin tanda, hadari na haɗuwa yana watsewa. Baba ya shigo yana dogara sanda, a hankali fiye da kullum. Na gaishe shi da ƙarfi (kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji), ya ce lafiya lau, azumi ne kawai yake yi. Tsoho mai hawan jini da azumi a wannan zafi! Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Ya zauna a bencinsa jikin bango, ya karanta aya, muka rufe ido.

Da na ga kamar lokaci ya yi ban ji Amin ba, sai na zaro waya a ƙarƙashin mayafi na leƙa. (E, na san an hana. Ai na ce muku gaskiya zan faɗa.) Minti arba'in. Na ce to, wataƙila yau Baba ya ƙara mana. Na mai da ido na rufe, na yi ƙoƙarin komawa kan ayar, ina! Na sake leƙawa, minti hamsin. Sai na buɗe ido ɗaya na dube shi.

Kansa ya jingina da bango, ya ɗan karkata gefe, bakinsa a ɗan buɗe, hannuwansa sun saki a kan cinya. Ina kallo wani ƙuda ya sauka a leɓensa, ya yi tafiyarsa har gefen hanci, Baba ko gizau. Na zuba wa ƙirjinsa ido ko zan ga numfashi, amma babbar riga ce a jikinsa, ba a ganin komai. Na yi gyaran murya. Shiru. Na yi tari. Shiru. Ana haka sai sandarsa ta zame daga jikin benci ta bugi ƙasa, ƙwal! Mama Saratu ta zabura da idonta a rufe, shi kuwa ko gashin girarsa bai motsa ba.

Wayyo ni! Na manta sarai cewa mutumin nan ba ya ji sosai. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne, ga amanar da aka ba ni ta mutu a gabana ina zaune ina lissafin miya.

Yanzu ga inda wautar take. Tsakanina da Baba taku uku ne. Duk mai hankali zai tashi ya taɓa shi. Amma ni, da ban taɓa bin dokar kowa ba tun ina yarinya, ranar sai biyayya ta zo mini: ai an ce ba a magana, ba a taɓa kowa. In na girgiza shi ya zamana addu'a yake, na ɓata wa mutum bakwai zamansu, kuma za a ce dama an san Malama ba za ta iya ba. Akwai kuma wani dalilin da ban cika faɗa ba. Tsoro nake ji. Ban taɓa taɓa gawa ba, kuma na tabbata in na kai hannu na ji shi da sanyi, sai dai a ɗauki mutum biyu. Sai na cire takalmana na riƙe a hannu, na lallaɓa na fita kamar ɓarauniya, ban tashi hankalin kowa ba.

A garin nan wuri ɗaya ake samun sabis na waya, wani tudu a bayan gidan Malam Sule, maƙwabcin majami'a. Malam Sule Musulmi ne, kuma aminin Baba tun suna kiwon awaki tare. Na hau tudun na kira Hannatu.

"Hannatu, Baba ne."

"Me ya same shi?"

"Ba ya motsi. Ya fi awa ɗaya."

"Yana numfashi? Kin taɓa shi? Kin ji jijiyar hannunsa?"

Ga tambaya ta ma'aikaciyar jinya, tsaf. Da na ce mata a'a, da ta zage ni ta ce in koma in duba, da an huta. Amma kunya ta hana ni cewa ban taɓa shi ba. Sai kawai na fashe da kuka na ce, "Hannatu, ki dai taho." Ta ƙwalla ƙara, wayar ta katse.

Ashe Malam Sule na bayan zana yana ba shanunsa dusa, duk a kunnensa. Ya leƙo da kwarya a hannu.

"Malama, mi ya samu Ishaya?"

Na nuna majami'a ina sheshsheƙa. Kwaryar ta faɗi. "Innalillahi! Ishaya? Yau da safe fa muka gaisa!" Dattijo mai furfura sai hawaye sharɓe-sharɓe. Ya fita yana salati, ya faɗa wa mazan da ke zaune ƙofar masallaci suna jiran magariba, matan gidansa suka ɗauka, na maƙwabta suka amsa. Kafin in sauko daga tudun nan rabin unguwa ta fito, ni ce a gaba, takalma a hannu.

Muka isa ƙofar majami'a. Abin da na gani har yanzu yana ba ni mamaki: mutanen nan na zaune yadda na bar su, ido a rufe. Suna jin hayaniya da koke-koke a waje, amma ba a ce Amin ba, don haka ba wanda ya motsa. (Daga baya Mama Saratu ta ce ita ta ɗauka gwaji ne, sai ta ƙara matse ido.) Jama'a suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Malam Sule ya tuɓe takalmansa ya shiga, ya durƙusa gaban amininsa, ya warware mayafin da ke kafaɗarsa zai rufe masa fuska. Ya kai mayafin daidai goshin Baba ke nan, sai Baba ya ja wani dogon numfashi ya ce:

"Amin."

Malam Sule ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa. Na bakin ƙofa suka watse, wata ta bar ɗankwalinta. Baba ya buɗe ido a hankali, fuskarsa fes, ya dubi abokinsa.

"A'a, Sule? Yau kai ne a coci? Lafiya dai?"

"Ishaya, cewa aka yi ka rasu!"

"Me?"

"KA RASU!"

"Ni? Wa ya ce?"

Ban taɓa sanin mutane da yawa haka za su iya juyowa a lokaci guda ba. Duk idon garin ya sauka a kaina. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Ni da ake roƙo in yi shiru, na buɗe baki ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Wani daga baya ya fara ƙunshe dariya, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, har da masu riƙe ciki. Ni kaɗai ce ba na dariya, don na tuna Hannatu.

Na koma tudun da gudu, na kira ta ya fi a ƙirga, wayar ba ta shiga. Tana hanya, kuma kafin ta taso ta riga ta sanar da dangi. Ana idar da magariba motarsu ta tsaya, ta fito idonta ya kumbura, ta tarar da mahaifinta zaune a tabarma yana buɗe baki da kunu. Ta faɗa jikinsa ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗauko abin awon jini ta auna shi, ba ta ko kalli inda nake ba. Na matso na ce, "Hannatu, laifina ne, lafiyarsa ƙalau, don Allah kada ki..."

Ta ɗaga mini hannu. "Baba, yau ƙarya ce. Wata rana gaskiya za ta zama. Ni ba zan iya sake bin hanyar nan da irin zuciyar da na biyo ta yau ba. Gobe da safe za mu tafi."

Baba ya dube ta ya daɗe, ya ga yadda jikinta ke rawa har lokacin. Bai yi musu ba.

Da safe na je na durƙusa gabansa ana sa kayansa a mota. Na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna ya ce, "Tashi, ɗiyata. Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Duk shekarun nan da nake zaman shiru, zuciyata yawo take, daga gona sai ciwo sai 'ya'ya. Ina riƙo ta tana kuɓucewa. Jiya ne kaɗai ta zauna. Ban san lokaci ya tafi ba, ban ji komai ba sai salama." Ya yi 'yar dariya. "Rana ɗaya tak Ubangiji ya ba ni, ke kuma kika tara mini 'yan zaman makoki."

Na yi kuka har da majina. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba bai sake dawowa garin da zama ba, sai dai ziyara lokacin Kirsimeti. Zaman Laraba ya ragu zuwa mutum huɗu, mai keken nan ma ya daina zuwa. Hannatu ta huce bayan wata biyu. Malam Sule ne ya fi daɗewa, don ranar da motar ta tashi ya tsaya yana kallonta har ta ɓace, sannan ya juyo ya ce mini, "Malama, sau biyu kin raba ni da abokina cikin kwana biyu. Na farkon ma ya fi sauƙi, don ya dawo."

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, amma na saye shi da tsada. Ba duk wanda ya yi shiru ne wani abu ya same shi ba. In kuma zuciyarki ta ƙi yarda, 'yar'uwa, don girman Allah ki yi taku ukun nan ki taɓa ƙafarsa kafin ki hau tudu neman sabis.