Rahoton Mota Mai Lamba Bakwai

Ranar Litinin, ƙarfe tara na safe, na tara direbobin motocinmu na lantarki a garejin Kiru, manaja na zaune. Na sanar da su cewa yanzu kowace mota tana aiko wa ofis rahoton duk inda ta taka, kuma wanda ya kauce hanya ya bar aiki. Cikin muryar alƙali na karanto na motar Malam Sani, mai lamba bakwai: makon jiya ta shafe awa biyu a ƙofar wani gida a Bebeji.

"Malam Sani, gidan wa ke nan?"

"Na surukanka ne, Yallaɓai. Kai ka karɓi mukullin rannan."

Tari ya sarƙe manaja. Har yau gaisuwar da direbobi ke yi mini ita ce, "Yallaɓai, ya mutanen Bebeji?"