Hatimin Mai Tudu

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da manyan mutane, amma duk cikinsu babu na biyun Tsohon Darakta. Shekara talatin da biyu ya yi a ofis yana buga hatimi a kan takardu, kuma da bakinsa yake faɗa cewa bai taɓa ɓata lokacinsa wajen karanta ko ɗaya ba. "Karatu aikin ƙananan ma'aikata ne," in ji shi. "Babba kallo ɗaya yake yi, ya buga." Da ya yi ritaya an karɓe kujera an karɓe mota, amma hannun nan bai ajiye aiki ba. Ko kofin ruwa aka kawo masa sai tafinsa ya sauka a kan tebur, dum.

A bayan gidajenmu akwai wani tudu mai ciyawa da 'yan itatuwa. Tun ina amarya yake nan, ban taɓa jin wanda ya ce nasa ne ba. Sai bara, da wani kamfani ya nemi izinin jera farantan sola a gangarensa, don wutar ta shiga layinmu da ƙaramin asibitin bakin titi. Tun daga ranar Darakta ya fara cewa "tuduna". Mata suka laƙaba masa Mai Tudu. Da ya ji, ya ɗauka sarauta ce, ya riƙa amsawa da ɗaga hannu.

Wadda ta fi kowa murna da batun sola ita ce Malamar asibiti. Wutarmu ta gari takan leƙo ne ta gaishe mu ta koma, firjin alluran rigakafi kuwa ba ya jin uzuri. Kullum da safe za ka gan ta rungume da kula, tana neman ƙanƙara shago-shago. Sau biyu allurai suna lalacewa, ta sallami iyaye mata da jariransu a goye, ba a yi musu komai ba.

Mai Tudu bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kafa Kwamitin Kare Kyawun Tudu da Natsuwar Al'umma. Shi ne shugaba, ƙanin matarsa ne sakatare, sauran mambobi kuma ana kan neman su. Abu na farko da kwamitin ya cim ma shi ne sassaƙa hatimi mai faɗin bakin kofi.

Ya tara mu a ƙofar gidansa, ya hau dakali. A bayansa janaretansa na ta ruri. Mu Babban Wa muke kiran janaretan nan, don in yana magana kowa shiru yake yi. Shekara tara ke nan ba mu shanya farin kaya a layin nan mun kwashe shi fari ba.

"Jama'a," in ji Mai Tudu, jijiyoyin wuyansa a miƙe, "ni mutum ne mai son shiru da iska mai tsabta. Kowace safiya nakan buɗe tagata in gaisa da tudun nan. Tsuntsayensa sun san ni, na san su. Ba zan zauna ina kallo a lulluɓe shi da gilasai ba."

Malama ta matsa kusa, ta ɗaga murya. "Baba, alluran jarirai fa?"

"'Yata, jariri yana buƙatar abin kallo mai kyau kafin allura. Ba ki yi zurfi a harkar mulki ba, shi ya sa."

Ya aika wa hukuma ƙorafi shafi goma sha ɗaya, wanda sakatare ya rubuta, shi kuma ya buga. Amsa ta zo cewa in aka sami ko gida ɗaya da aikin zai ɓata wa kallo, za a kai farantan can nesa, inda wayarsu ba za ta iso mu ba. Malama ta rame a satin nan. Na gan ta a bakin famfo, na ce ta dage da addu'a. Ta ce, "Inna, ina yi. Ƙanƙara ce ba ta jira."

Ranar Laraba da hantsi jami'ar hukuma ta zo, yarinya mai natsuwa, da fayil a hammata. Mai Tudu ya sa babbar riga, ya gayyaci shaidu: Malama, mai shagon kusurwa, da ni, wataƙila don ba a san ni da magana ba. Muka hau falon bene. Bango cike da hotunansa, a kowanne yana miƙa wa wani hannu. Ya tsaya gaban wani labule mai kauri, ya gyara murya.

"Yau za ku ga abin da nake kare muku."

Ya ja labule. Ƙura ta zubo masa a hula. Gilashin tagar ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya kama mariƙi ya tura, taga ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ta ƙi. Fentin shekaru ya liƙe ta da bango.

Hajiya matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tire. Ta ce, "Alhaji, a bar ta mana. Rabon da a buɗe ta tun kafin auren Auta."

"Jiya-jiya na buɗe ta."

"To," in ji Hajiya.

Mai shago ya sauka ya ɗauko sukudireba. Da ƙyar taga ta buɗe, tana kuka. Muka leƙa. Abin da ke gabanmu, kusa har hannu zai iya taɓa shi, ƙaton tankin ruwa ne baƙi a kan ƙafafun ƙarfe, wanda shi da kansa ya sa aka kafa. Daga ƙasa kuma Babban Wa ya aiko mana da gaisuwa, muka hau tari.

Jami'a ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tudun ta wane gefe yake?"

Ya miƙa hannu da ƙarfin gwiwa wajen tashar mota. Hajiya ta ajiye tire, ta kama bakin rigarsa a hankali, ta juya shi ɓangaren da tudun yake.

Jami'a ta zauna ta cika takardarta. Ta roƙi a kashe janareta don ta karanta masa abin da ta rubuta. Ya ce ba a kashe shi, falon zai yi zafi. Sai ta karanta a haka. Ni da ke kusa da ita na ji: ba a ganin tudu daga wannan gida, saboda haka ƙorafi ya faɗi, shugaban kwamiti kuma ya shaida. Shi yana can gefe yana gyaɗa kai, yana lalubar aljihu.

Tsakani da Allah, yarinyar nan ta yi gaskiya. Ta miƙa masa ta ce, "Baba, gara ka karanta da idonka."

Ransa ya ɓaci. "Ni? Shekara talatin da biyu, 'yata. Tun ba a haife ki ba." Ya hura wa hatimi iska, ya dangwala tawada, ya buga. Da ya ga akwai sauran fili a ƙasa, ya ƙara biyu.

Yanzu farantai suna nan a gangare, awaki na kwanciya a inuwarsu. Firjin asibiti bai sake yin ɗumi ba, kular Malama kuma ta zama mazubin auduga. Mai Tudu ya sanar cewa akwai maci amana a cikin kwamiti, ya kori ƙanin matarsa, ya ce bincike na ci gaba.

Malama ta nemi kwafin takardar, ta sa a gilashi, ta rataye a saman firij. Makon jiya ina kan benci ina jiran layi, sai ga shi ya zo awon jini. Idonsa ya faɗa kan takardar. Ya matsa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban tambarin nan uku. Na ce a raina yau dai za a karanta.

Ya juyo yana murmushi. "Kin ga yadda suka zauna daram, ba karkata? Hannuna ne. Yaran yanzu ba su iya ba."

"Allah ya saka da alheri, Baba," in ji Malama. "Miƙo hannun."