Mai Rigar Beyar da Garkuwar Aro

Wani ne a ƙauyenmu na bakin teku ya ƙwallafa rai sai ya shiga jirgin yaƙin Ozur, shugaban mayaƙanmu. Ya gaji da shanyar kifi, mata na yi masa dariya. Gurbi ɗaya ya rage.

Ozur ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan tsurut, basarka nake nema."

"Ranka ya daɗe, wane ne kuma basarka?"

"Mai rigar beyar, ma'anar sunan ke nan tun kakanni. Ya sa fatar beyar, ya gartsa wa garkuwarsa cizo, ya yi kuka kamar dabba, bakinsa na kumfa, takobi ba ya cinsa. Ka iya?"

"Aikina ke nan tun ina goye."

Ya koma gida. Beyar dai, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi, bai taɓa ganinta ba sai daga nesa, yana gudu. Ya yafa buzun baƙar tunkiya, ya aro garkuwa mai bakin ƙarfe.

Matarsa Tofa ta ce, "Maigida, ka bari rana ta ɗaga, ƙanƙara ta kwana a kan garkuwar nan."

"Ke yi shiru. Maganar maza ce."

Ya isa gaban jama'a da sassafe, ya buɗe baki, ya cafki ƙarfen. Don tsananin sanyin ƙarfen, harshe ya manne, leɓe ya manne. Ya ja, ya ji kamar ransa zai fita. Sai ihu! Idanu suka firfito, yawu na dalala. Ya zabura da garkuwa a baki, ya banke ƙarti uku, ya kifar da gangar giya, ya bi ta kan karen Ozur. Wani ya maka masa sanda a baya, ko waiwaye bai yi ba.

Ozur ya haye kan dutse yana rawar jiki. "Shekarata talatin ina yaƙi, ban taɓa ganin irin wannan ba! Gurbin naka ne, jarumi!"

Tofa ta ratso mutane, kanta a ƙasa, ta tsiyaya masa ruwan ɗumi a baki. Garkuwa ta faɗi. Gogan ya zauna daɓas yana hawaye.

Ozur ya sauko. "To, zai iya haka a kowane yaƙi?"

Tofa ta ce, "Zai iya, ranka ya daɗe. A dai riƙa yin yaƙin da sanyin safiya, kuma a yi mana wuri a jirgin, ni da tukunyata."