Rasuwar Hassan, Mai Zama Bayan Kunnen Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru ta gefen hagu, Haliru ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, na gidan marigayi Alhaji Buraima mai goro, nan Zongon Lome, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama kallon fim a tabarmarsa, cewa Hassan ya rasu. Ba Hassan mai shayi ba. Shi yana nan lafiya lau, kada a je a tayar wa matarsa hankali. Hassan bafil ake nufi, wato ƙaramin sifikan nan baƙi na bayan falo, mara waya, wanda ke zaune kan kujera 'yar tsugunno daidai kunnen hagu na Kaka Meimuna. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, a shagon Tawfiq mai gyara da ke Tokoin, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin ba haifaffen Lome ba ne. Jirgin ruwa ne ya kawo shi cikin kayan gwanjo, shi da ɗan'uwansa, kwali ɗaya, kama ɗaya, sai dai wannan na hagu ne, wancan na dama. Kaka na ganinsu ta ce ai tagwaye ne, nan take ta raɗa musu Hassan da Husaini, ba rago ba wanzami.

Wanda bai san gidan ba zai ce don fim aka saye su. To, ba don fim ba ne. Kafin su an yi wasu masu waya. Haliru ya ja wayar tun daga gindin talabijin, ta bi bango, ta ratsa bakin ƙofa. Ɓera ya ci rabonsa, tsintsiyar Batul ƙanwarsa ta ci nata, har ranar da wayar ta harɗe ƙafar Kaka tana riƙe da buta. Ba ta karye ba, alhamdu lillahi, amma ta ce ita da falon da ake ɗana wa tsofaffi tarko sai a lahira. Dama kunnenta na dama ya daɗe da yin murabus, na hagun ne ke ɗan taɓukawa. Ta ce me za ta zo yi, kallon bakin mutane yana motsi? Ta koma ɗakinta, ita da carbinta. Wannan ne ya sa Haliru ya yi ta yawo da babur har ya samo tagwayen da ba su da igiyar kama ƙafa.

Ranar da aka haɗa su da danginsu na gaba, rana ce da ba a mantawa. Haliru bai yi nisa a makaranta ba, takardar cikin kwalin kuma wani yare ne da ko Batul mai Faransanci sai da ta juya ta sama da ƙasa ta ajiye. Sai ya bi abin da Tawfiq ya koya masa: ka danna ɗan maɓallin bayan dogon sifikan gaba ka riƙe, har wuta shuɗiya ta fara ƙyafta ido, sai ka ruga baya ka danna na tagwayen. In ƙyaftawar ta tsaya cik, to sun gane juna. Husaini sai da aka sha lallashi. Hassan kuwa dannawa ɗaya, ya amsa. Tun ranar aka san halinsa. Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan mamaci: an ce masa mara waya, amma yana da 'yar wutsiya ta shan wuta. An ɓoye ta bayan kujera, kuma ba ta taɓa kama ƙafar kowa ba.

Hassan bai taɓa yin magana ba, ko kalma ɗaya. Haliru ya ajiye shi bayan kunnen Kaka ne don ta riƙa jin abin da 'yan fim ke faɗi. Sai daga baya ya gane ashe magana aikin na gaba ne. Na baya ragowa ake ba su: ruwan sama, kukan tsuntsu, ƙarar ƙofa, takun ƙafa, ihun 'yan kallon ƙwallo. Haliru har ya ɗauko kwali zai mayar. Kaka ta dafe Hassan da hannu ta ce, "Bar min shi, maigida," ai haka take kiran jikan nata. "Na gaban nan surutu kawai suke. Wannan shi ne ke faɗin gaskiya."

Kuma haka aka gani. Jaruma na tsaye tana ta zuba, kowa ya saki baki, sai Hassan ya yi ƙasa-ƙasa: kwas, kwas, kwas. Sai Kaka ta ɗaga yatsa: "Ga shi nan tafe ta hagu, takalminsa mai nauyi ne, ba mutumin kirki ba ne!" Kafin a haɗiye yawu, ga ɓarawo ya leƙo ta hagu. Tsohuwar da aka saba yi wa ihu kafin ta ji, ita ce ta koma mai riga kowa ji. Maƙwabta suka riƙa cika falo, ba don fim ba, don Kaka. Ba a sa kaset, ba a danna rimot, sai ta zauna ta gyara mayafi.

Mutum ba ya rasa ajizanci. Akwai ranar da marigayin ya yi shaaaa da iyakar gaskiyarsa, Kaka ta tayar da gida duka a kwashe shanya, aka fita tsakar gida aka tarar da rana ƙwal. Ta dubi sama ta ce ruwan yana hanya, Hassan ba ya ƙarya. Washegari aka yi ruwa. Har yau ba wanda ya iya ja da ita a kan wannan.

Ciwon ajali ya soma da damina. Da farko makara ce: ƙofa ta rufe a gaba, sai an jima Hassan ya ce garam. Sai wutarsa shuɗiya ta koma ƙyaftawa, kamar ya manta danginsa. Wasu suka ce iskar teku ce mai gishiri, wasu suka ce wai-fai ɗin maƙwabta ne ke shiga tsakani. Sannan tari ya zo, kar-kar-kar, mai ban tausayi. Haliru ya yi niyyar kai shi wurin Tawfiq da yamma, ya fita da safe ya ɗauki fasinja zuwa Totsi.

Kaka ce kaɗai a gida da majinyacin. Ta saurari tarin, ta ce mura ce ta sauka a ƙirji. Ta ɗauko man zafi ta shafe masa gaba kaf, tana dannawa da yatsa don ya shiga ramukan sosai. Ta naɗe shi da zanenta mai kauri, ta kwantar da shi kusa da murhun gawayi don ya yi gumi. Kuma da yake tagwaye ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya, ta nemi Husaini shi ma ta shafa masa. Shi kuwa mazauninsa can saman kabad ne. Ta miƙa hannu, ta miƙa sanda, ta gwada da muciya, bai samu ba. Tsayin kabad ɗin nan ne ya sa yau ta'aziyyar mutum ɗaya ake yi.

Da Tawfiq ya buɗe cikinsa, duk wanda ke shagon sai da hancinsa ya washe. Ya share hawaye, ba a san na tausayi ne ko na man zafi ba, ya ce, "Frère, ɗan'uwa, wannan ba gyara ba ne, wannan sai haƙuri." An sa masa wuta sau ɗaya don gwaji. Ya kawo ja maimakon shuɗi, ya ce ɗis, shi ke nan.

Iyalin ba su zargi kowa ba. An gaya wa Kaka iskar teku ce, kuma ai da hannun iskar teku a ciki. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan ya bar maganar a nan. Wanda bakinsa ba zai iya riƙewa ba, ya tsaya ta damanta ya faɗa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa Husaini, da dogon sifikan gaba mai yawan magana, da Gambo, ƙaton nan na ƙasa da ba ya komai sai gurnani, da rimot wanda aka ɗaure wa baya da roba. Ya kuma bar Kaka Meimuna, wadda tun ranar ba ta ƙara taka falo ba. Wannan shi ne babban rashin. Haliru yakan dawo aiki ya kunna fim, ɓarawo ya shigo ba sanarwa, ya yi satarsa ya fita ba wanda ya ɗaga masa yatsa. Sai ya kashe, ya je ƙofar ɗakinta ya tsuguna ya ce, "Amarya, falo fa ya yi faɗi." Ita kuma ta ce, "Wa zan je in saurara?"

Game da jana'iza: an tambayi malam, ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce ba salla ba likkafani. Saboda haka za a mayar da gawar cikin kwalinta na asali, a ɗora saman kabad. Husaini kuma zai sauko ya gaji kujera 'yar tsugunno. Kaka ta yarda za ta fito, ta ce tunda cikinsu ɗaya za ta gwada shi. Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan la'asar a falon gidan. Akwai koko da ƙosai, akwai fim mai yawan takun ƙafa, Batul ce ta zaɓo.

Ana roƙon masu zuwa abu biyu. Na farko, kada kowa ya shigo da man zafi, ko a aljihu. Na gidan an riga an ba shi masauki a wani wuri, in kuma Husaini ya yi tari, kowa ya ce shi da kansa ne ya yi, ba Husaini ba.

Na biyun ya fi muhimmanci. Tawfiq ya duba ya ce Husaini na dama aka haife shi, ba a sauya masa hali. Ko an zaunar da shi a hagu, labarin dama zai riƙa kawowa, ita kuwa Kaka ta kunnen hagu za ta ji. To, idan ta ɗaga yatsa ta ce ga shi nan tafe ta hagu, don Allah kowa ya juya hagu, manya da yara. Ɓarawon ta dama zai fito, an sani. A bar shi ya fito. A fara duba hagu.

Sanarwa daga Haliru, a madadin iyalin.