Rasuwar Kambas Mai Kuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu wanda ba zan ɓoye sunansa ba, wato kishi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takalmina, kambas ruwan toka mai lamba arba'in da uku. Ya cika ranar Asabar da ta wuce a kan tsaunin filin shaƙatawa, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana da shekara shida a ƙafata.

Marigayi ba kyakkyawa ba ne, kuma bai taɓa cewa shi kyakkyawa ne ba. Abin da Allah ya ba shi murya ce. Ƙafar dama shiru-shiru ce, amma ta hagu duk taku sai ta ce ƙiiƙ. Saboda wannan ne mai ɗakina ta haramta masa shiga falo, ya yi rayuwarsa a bayan ƙofa ba tare da ya kai ƙara ba.

Waɗanda suka raina muryar nan ba su san aikinta ba. Yayana tsohon direban babbar mota ne, idonsa ya yi rauni, likita kuma ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa. Yaya mutum ne da ba a riƙe masa hannu. Sanda ma da aka kawo masa, cewa ya yi a kai wa tsofaffi. To, duk Asabar sai mu tafi tsauni, ni a gaba, shi a baya yana bin kukan marigayi. Hanyar zagaye ce ta minti arba'in: a hau ta gefen duwatsu, a huta a bencin da ke sama, a gangaro ta cikin dogayen ciyayi, a ɓullo ƙofar da aka shiga. In akwai dutse a gaba sai in taka sau biyu, ƙiƙ ƙiƙ, Yaya ya ɗaga ƙafa. Shekara shida ba wanda ya gane ba ya gani sosai. In mun zauna a benci sai ya ce, "Auta, me ake gani yau?" Ni kuma in ba shi labarin rufin gidaje da shirwa da hadari, wani lokacin har da ƙari.

Ni tela ne. Duk mako ina sunkuye a kan keke, ba mai bin bayana sai wanda ban gama wa ɗinki ba. Ranar Asabar kaɗai nake gaba.

Ciwon ajali ya fara ne da tafin hagu ya soma buɗe baki. Na kai shi wurin shumeka don a ɗan sa masa gam. Da na koma karɓa, bawan Allahn nan ya miƙo min shi yana washe haƙora, ya ce, "Har wannan kukan mai ban haushi na cire maka, ba sai ka gode ba." Na taka, shiru. Na yi tsalle a gaban shagonsa kamar mahaukaci, shiru. Wa ya aike ka, malam?

Asabar ɗin da ta biyo baya Yaya ya yi tuntuɓe a dutse na farko, ya ƙuje gwiwa. A ranar ne kuma, don ƙaddara, mijin 'yarsa ya biyo mu, wai sau ɗaya kawai. Injiniya ake ce masa. Ya zo da takalmi har idon sawu, da sanduna biyu, da gorar ruwa mai tiyo, da agogo mai ƙirga taku, duk don tsaunin da awaki ke hawa suna tuƙa. Nan take ya buɗe baki: "Baba, dutse a dama. Baba, taku uku sai gangara." Wallahi ina ji ina gani, Yayan da ba a riƙe wa hannu ya ɗora hannunsa a kafaɗar yaron nan.

Asabar uku ina baya ina shaƙar ƙurarsu. A benci Yaya ya juya wajensa ya tambaye shi abin da ake gani. Injiniya ya duba agogo ya ce sun yi taku dubu biyu da ɗari huɗu. Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Me ye abin dariya a lissafi? Ga shirwa biyu suna faɗa a sama, ba wanda ya tambaye ni.

Iyalan marigayi sun yi iya ƙoƙarinsu. Na jiƙa shi a ruwa, na shanya shi a rana, na kankare gam ɗin da reza, na cusa masa leda a ciki. Muryar ba ta dawo ba.

Ranar da zai cika, zuciya ta ɗebe ni na ce yau sai na wuce gaba ko ana ha-maza-ha-mata. Na sa gudu a hawan duwatsu, da shekaruna. Marigayi ya yi maganarsa ta ƙarshe, faƙ, tafin ya rabu da gangar jiki. Injiniya ne ya tsinto shi, ya kawo min da hannu biyu da ladabinsa mai ƙona rai, ya ce, "Baba Ƙarami, ina da wani sabo a mota, ba ya ƙara ko kaɗan." Na gangaro da safa ɗaya.

Marigayi ya bar ƙafar dama, da igiya biyu, da safa uku marasa abokai, da silifas ɗin banɗaki da suka yi zaman maƙwabtaka. Ya kuma bar ni.

Ana karɓar gaisuwa a shagona daga safe zuwa la'asar. Shumeka ya yi zamansa, mun yafe masa zuwa.

Za a naɗe marigayi a ragowar yadi mai kyau, a binne shi a bayan shago ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe. Na san lokacin hawan tsauni ne. Ba kuskure na yi ba. Kujera ɗaya zan fitar, ta Yaya ce, kuma ba za a sa marigayi a rami ba sai ya zo ya zauna a kanta. In bai zo ba, a ɗage zuwa Asabar ta gaba, a lokaci guda.

Wanda zai karanta wa Yaya wannan sanarwa kuwa, na san kai ne, Injiniya. Ka ji tsoron Allah, kar ka tsallake layi ko ɗaya.