Ranar da Na Yi wa Kofin Zoɓo Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da bakina ya kusa raba ni da abincina a unguwar Mohandessin ta Alƙahira. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Nawa bai tsaya a wuyana kaɗai ba, sai da ya haɗa da na baiwar Allahn da ta amince da ni.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne, don ku san irin wawan da kuke saurare. Karatu ya kawo ni Alƙahira shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Shekara biyu na yi, nahawu ya kayar da ni, na tashi, ya sake kayar da ni, na ce khalas, na haƙura. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su yanzu shehunnai ne a gida, ana riƙe musu takalmi (har da wani da ni nake gyara masa karatu, amma a bar wannan maganar). Ni kuwa direba ne. Abin da na tsira da shi daga makaranta Larabcin kasuwa ne da son yi wa mutane gyara.

Maigidana Oga Bitrus ma'aikacin diflomasiyya ne, mutumin kirki, ba ya ɗaga murya. Matarsa Madam Rifkatu 'yar Filato ce, Hausarta ta fi tawa daɗi. Shekararsu takwas da aure, ciki biyu ya zube, Allah bai kawo rayayye ba. Ni nake kai ta asibiti, kuma da yake nas ɗin da ke yi wa mata bayani ba ta jin komai sai Larabci, ni ne tafinta. Ku hango ni, ƙato da furfura a gemu, zaune a ɗakin mata ina kallon takalmina ina fassara maganar da ko matata ban taɓa yi da ita ba.

Tun kafin a sake samun ciki, nas ɗin ta tambayi Madam ko tana shan giya. Madam ta ce kofi ɗaya, in an yi taro da matan ofis. Nas ta ce a ajiye tun yanzu, kada a jira sai an ga ciki, domin mace takan yi makonni da shi ba ta sani ba, kuma a lokacin ne ake ƙera ɗan. Ta ce abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan da ke cikinta, yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa da girmansa, kuma babu wanda zai iya ce miki wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya komai. Wadda kuma ta riga ta sha kafin ta sani, kada ta tayar da hankalinta, ta daina kawai ta faɗa wa likita. Wallahi ban taɓa jin daɗin fassara irin na ranar ba. Har ƙari na yi daga aljihuna. Takardar bayanin da aka ba mu na ajiye ta a mota, ina karantawa duk lokacin da cunkoso ya tsare ni a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, har na haddace ta fiye da yadda na taɓa haddace darasi.

Bayan wata biyar aka ce an samu ciki. A hanyar komawa gida Madam ta ce, "Malam, abin da ka ji a ɗakin nan ka bar shi a ɗakin. Sau biyu ina faɗa da wuri, mutane su zo barka, su dawo jaje. Wannan karon babu mai ji sai na cika wata huɗu. Ko Mama."

Na ce, "Madam, ni kabari ne."

(Ku riƙe wannan kalmar, za ta yi muku amfani.)

Mama ita ce mahaifiyar Oga. Ta zo daga gida aka yi mata aikin ido, ta warke, sai Oga ya ce a haɗa ɗan cin abincin rana ranar Juma'a a yi mata murna. Ranar Laraba Madam ta aike ni kasuwar Ataba in sayo zoɓo, wanda Misirawa ke kira karkade. Ta ce, "Mai duhu sosai nake so, Malam. In mai haske ne kada ka kawo." Ai kuwa shago huɗu na shiga ina murza ganye a tafin hannu ina mita, wai zoɓo ma sai an yi masa zaɓen amarya. Ni na ɗauko shi, ni na hau da shi bene, ni na miƙa wa Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan ɗin da ke yi musu girki.

Juma'a na dawo daga masallaci da huɗuba cike da kaina, aka roƙe ni in taimaka da kai abinci falo. Sharaɗina ɗaya ne tun ranar da na kama aiki: ba na taɓa kwalbar giya. Na ɗauki tiren kaza na shiga. Baƙi kusan goma sha biyar ne, matan sun haɗa kai a gefe guda, a tsakiyarsu Madam Lami, matar abokin Oga, wadda in kin sauya ɗan kunne sai ta san dalili. Me zan gani? Madam Rifkatu riƙe da kofin giyar nan mai dogon wuya, cike da jan abu, tana karawa da na sauran mata tana kurɓa.

Na yi tari. Ba ta waiwayo ba. Na sake yin tari har wani baƙo ya janye farantinsa. Da ta ɗago na zare mata ido na nuna kofin da haɓa, ta watso mini harara. Na ce a raina, ka ga marar gaskiya ko a ruwa gumi yake. Na koma kicin ina huci, na ɗauko tire na biyu, na dawo na tarar kofin ya sake cika. A nan ne shehin da nahawu ya kashe shekara ashirin da suka wuce ya tashi daga kabarinsa.

Na dire tiren a kan tebur, na karɓe kofin daga hannunta (ni da ba na taɓa kwalba, ga ni riƙe da kofi), na ce, "Madam, ki ji tsoron Allah. In ba ki tausaya wa kanki ba, ki tausaya wa wanda ke cikin nan. Ba a gabana nas ta ce ko ɗigo ba? Ba da bakina na fassara miki ba?"

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Juyawa na yi ga sauran matan na karanto musu takardar daga farko har ƙarshe, da ƙwaƙwalwa, da girman jiki, da makonnin farko, ina ɗaga yatsa kamar mai tafsiri. Falon ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa na ɗauka wa'azi ne ya ratsa su.

Mama ce ta fara magana. Ta gyara sabon tabaranta ta ce, "Wa ke cikin ina?"

Oga ya taso a hankali ya tsaya kusa da ni. "Malam, shanshana kofin."

"Oga, ni ba na shanshana haram."

Sai muryar Hajja Amna daga ƙofar kicin: "Shanshana dai, ya shehi. Karkaden da ka sha rana ka sayo ne. Ko hannunka bai gama wankewa daga jansa ba."

Na kai hanci. Citta. Kanumfari. Har da ɗan ɓawon lemo.

Ashe tun ranar da nas ta yi magana Madam ba ta sake kurɓar giya ba. Amma ta san in ta ƙi karɓar kofi a taro, kafin a kwashe farantai Madam Lami ta ƙirga mata watanni. Shi ya sa suka shirya da Hajja Amna, duk taro a zuba mata zoɓo mai duhu a kofin giya. Wata da watanni dabarar tana aiki, ta wuce idon matan ofis kaf, sai ga kabari ya buɗe baki.

Mama ta rangaɗa guɗa ta miƙe tana rawa da sandarta. Madam Lami ta ce, "Ni dama na ga hancinta ya faɗaɗa." Madam Rifkatu kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni ina tsaye da kofin zoɓo a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Washegari na kawo makullin mota na ɗora a kan tebur tun kafin a tambaye ni. Madam ta fito ta dube shi ta dube ni.

"Wa zai kai ni awo?"

Na ce, "Ma'alish, Madam, ki yi haƙuri. Na yi abin kunya."

"Abin da ka faɗa gaskiya ne, Malam. Sai dai ba naka ba ne da za ka faɗa. Yanzu kowa ya sani. In wani abu ya faru, kai za ka tsaya a ƙofa ka karɓi masu jaje. Ɗauki makullinka, yalla, mu tafi."

Da korata ta yi da ya fi mini sauƙi. Wata bakwai na yi ina tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, direbobin tasi suna zagina ta taga ina ce musu tamam, ba komai. Ban taɓa yi wa kaina addu'a yadda na yi wa cikin nan ba. Ana cikin haka wata rana Madam Lami ta tare ni a bakin mota, ta waiga hagu da dama, ta ce a hankali in sake karanto mata takardar nan, wai wata ƙanwarta ce ke nema. Na karanta mata, ban tambayi sunan ƙanwar ba. Ashe ina iya koyo.

Allah ya sauki Madam lafiya, 'ya mace, mai ƙarar murya kamar kakarta. Sunanta na coci daban, amma Mama ta laƙaba mata Zoɓo, kuma ya bi ta. Ni ma ban tsira ba: har yau in na shiga taron 'yan gida sai wani ya ɗaga kofin shayinsa ya ce, "Dakta, a duba mana wannan."

Maganar nas tana nan daram, ko gobe aka tambaye ni zan maimaita ta. Sai dai yanzu ina jira a tambaye ni ɗin. Kuma duk wanda wa'azi ya ciyo shi a gidan mutane, shawarata gare shi ita ce ya fara shanshana kofin.