Gwaggo Ta Cika Kafin Sabuwar Ta Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun riga da ya wayi gari fayau, iyalan Kafinta na sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa kira aka ce masa "ɗaga murya, ba na jin ka," rasuwar wayarsa wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aiki, tsakanin gwangwanin gam da guduma, tana tsaka da aiki mafi girma da aka taɓa ɗora mata: nuna wa mai ita fuskar jikansa na fari.

Marigayiyar ta shigo gidan da ƙuruciyarta cikin farin kwali, tana sheƙi, har Kafinta ya hana kowa yin numfashi kusa da ita. Ta rayu shekara bakwai, wanda a lissafin wayoyi ya isa a ce ta ga tattaɓa-kunne. Mai haƙuri ce, mai juriya, mai rufin asiri. Ta faɗo daga saman tsani ba ta yi ƙorafi ba. Ta sha dusar katako har ramin cajinta ya toshe, sai an sa tsinke an sosa mata. An taɓa yi mata fenti ba da izininta ba, kuma har ta bar duniya akwai ɗigon shuɗi a kumatunta na hagu. Ba ta taɓa tona ranakun da Kafinta ke ce wa masu aiki "ga ni nan a hanya" alhali yana miƙe a kan benci ba.

Za a daɗe ana tuna muryarta. A zamanin ƙuruciya takan kira mai ita da daddaɗan "tilin-tilin." Da girma ya kama ta sai muryar ta dishe, ta koma "zzz-zzz" kamar ƙudan da ya faɗa kofi. In caji ya kusa ƙarewa takan yi ɗan nishi, "tuk," kuma a shekarun ƙarshe nishin ya fi maganar yawa.

Ciwon ajali ya faro daga batir. Ya kumbura har bayanta ya ɗaga, aka ɗaure ta da roba. Sai gilashi ya tsage, wani baƙin tabo ya ɓullo a kusurwa yana cin fuskarta a hankali. Kyamara kuwa ba a magana. An taɓa tura wa wata mata hoton kabad ɗinta, ta bugo tana tambaya ko gobara aka yi a shagon.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da a takardar mutuwa ce, kuma mai rubutun ƙanin Kafinta ne, ba ya tsoron kowa. Gwaggo ta daɗe tana neman hutu. Ba rowa ce ta hana a sallame ta ba, halin Yaya ne. Mutum ne da ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya gwada, ya sake gwadawa, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya ƙara gwadawa. Wannan hali shi ya sa ƙofofinsa ba sa kuka. Da shi kuma ya shiga kasuwar waya, inda masu ƙera ta ba su san katako ba, ba su kuma san Yaya ba.

Zuwansa na farko, Mai Kanti ya ajiye masa wata a gaba ya ce, "Malam, wannan ita ake yayi. Amma tsakani da Allah, in ka ɗan yi haƙuri ƙanwarta na nan tafe." Kafinta ya yi godiya ya koma gida. Aka nuna ƙanwar a kan dandamali da fitilu da kiɗa, amma ba ta iso kanti ba. Da ta iso, sai ga ta ruwan hoda kaɗai. Kafin baƙar ta zo, an fara raɗe-raɗin wadda za ta gaje ta. Wani kamfanin ya fito da mai naɗewa biyu, Kafinta ya buɗe ta, ya rufe, ya duba hinjinta da idon sana'a, ya miƙa wa Mai Kanti abarsa ya ce ko a ƙofar banɗaki ba zai sa wannan ba.

Duk dawowa sai ya sauke fushin a kan maƙwabcinsa Mai Walda. "Ni in na ce wa mutum kujerarsa Alhamis, ta kai Asabar, har gida zai biyo ni da baƙar magana. Su kuwa su hau dandamali su ɗaga abu sama, a tafa musu, su ce sai bayan wata uku, a sake tafa musu! Wace irin sana'a ce wannan?" Iyali ba za su ce komai ba game da yawan Alhamis ɗin da suka zama Asabar a shagon.

Ana cikin haka Auta, 'yarsa da ke aure a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ta samu juna biyu. Ta yi masa alkawari da bakinta: "Baba, kai ne farkon wanda zan nuna wa." Tun daga ranar ya ture aikin mutane gefe ya kama haɗa gadon jariri da katakon da ya daɗe yana ɓoyo. Matarsa ta yi magana ba sau ɗaya ba: "Baban Auta, don Allah ka sayi ko wacce ce. Yarinyar nan ta yi nauyi." Shi kuwa ya riga ya auna. Kamfani ya ce sabuwar za ta fito ƙarshen wata, likita ya ce haihuwa sai tsakiyar na gaba. Ke nan zai ga jikansa tar, har gashin ido, jikan kuma ba zai fara ganin kakansa cikin hayaƙi ba.

Kamfani ya ɗaga rana. Jariri kuma ya yi abin da babu kamfanin da ya taɓa yi, ya fito kafin ranar da aka sanar.

Gwaggo ta yi "zzz-zzz" a kan tebur. Kafinta ya goge hannu a riga, ya danna, ya sake dannawa, da ƙyar ta amsa. Ta gefen baƙin tabon fuskar Auta ta bayyana, a gajiye, tana murmushi. "Baba, ga abokinka ya iso." Ta juya wayarta a hankali. Kafinta ya ga bakin tawul, ya ga wata 'yar ƙafa mai motsi. Gwaggo ta ce "tuk."

An yi iya ƙoƙari. An sa caji, an hura mata iska, an matsa batir, an kwance roba an sake ɗaurewa. Mai Walda ya miƙo tasa ya ce a kira da ita, sai aka gano lambar Auta na cikin cikin marigayiyar, haka ta mijinta, haka ma ta matar Kafinta da suka shekara talatin tare. Kafinta ya bar shago a buɗe ya nufi gida da fensir a kunne. Ƙaramar wayar matarsa ba ta san komai ba sai kira da tocila, don haka a cikinta kukan yaron kawai ya ji. Ya saurara, ya miƙa mata, ya fice.

Shaidu sun tabbatar bai zauna ba a kanti. Ya nuna wadda ta fi kusa da hannunsa, wato ainihin wadda ya raina shekara biyu baya. Mai Kanti ya buɗe baki ya ce, "Malam, amma wata mai zuwa," Kafinta ya dube shi, Mai Kanti ya haɗiye sauran. Sabuwar ma sai da ta nuna jininsu, ta ce ba za ta yi aiki ba sai ta gama sabunta kanta. Kafin ta gama, hoton yaron ya zaga dangi kaf, kuma ɗaya kakan, wanda ya sayi tasa wayar ba tare da ya tambayi kowa ba, ya riga ya shelanta cewa hancinsa aka ɗauko.

Da kiran ya shiga, Kafinta ya daɗe yana kallo. Ba a ji ya tambayi ƙarfin kyamara ba. Ya yi kuka a gaban Mai Kanti, kukan murna da na haushin kansa a haɗe, ya ce hancin nasa ne, kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja biyu, ɗaya ba ta aiki sai an tokare ta da guntun katako, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da rigar roba da ta yage a kafaɗa. Ta kuma bar sim, wanda ya tare a gidan sabuwa tun gawa ba ta huce ba. Allah ya shirye shi.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ambaci cewa washegarin rasuwar, kamfani ya saki wayar da aka jira. An sani. Mai Walda ya riga ya faɗa, kuma har yau ba a amsa gaisuwarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar a shagon, kuma ba za a ɗaga ba. An haɗa mata ɗan akwati da ragowar katakon gadon jariri, an goge shi sumul. Za a kwantar da ita a durowar ƙasa, kusa da tsohuwar rediyo da rimot ɗin da aka rasa talabijin ɗinsa.

Ana ba jama'a haƙuri, mai makokin ba zai halarta ba. Jiya Auta ta bugo ta ce, "Baba, kar ka wahalar da kanka, in na ji ƙarfi za mu kawo maka shi wata mai zuwa." Bai bari ta rufe baki ba. Da sassafen yau an gan shi a tasha, a saman mota, yana ɗaure gadon da hannunsa, fentin ko gama bushewa bai yi ba.